Me Richter Ya Yi da Har Yau Ake Tuna Shi?

Tambaya: Na ci karo da bidiyon wani tsohon Bature yana kaɗa fiyano a cikin duhu, babu haske sai 'yar fitila guda a kan takardar da ke gabansa. An ce mini sunansa Sviatoslav Richter, kuma ya rasu tun 1997. Na ga masana suna kambama shi kamar babu na biyunsa, alhali an ce kiɗan da yake yi ba nasa ba ne, wasu ne suka rubuta, wasunsu tun kafin a haifi kakansa. To ina gwanintar mutumin da aikinsa maimaita abin da wani ya tsara, kuma me ya kamata in saurara idan ina son in gane?

Amsa: Malam mai tambaya, tambayarka tana kan hanya, domin a wajenmu wanda ake kira babban makaɗi shi ne mai waƙarsa, shi ya ƙirƙira, shi ya rera, yaransa suka yi masa amshi, wanda kuwa ya zo daga baya ya ɗauki waƙar ya maimaita, komai daɗin muryarsa, sunansa mai kwaikwayo. A rubutaccen kiɗan Turai, wanda suke kira kilasik, an raba aikin gida biyu tun da daɗewa. Wani ne yake zama ya rubuta kiɗan a takarda da alamomi, wani kuma ya sadaukar da rayuwarsa ga fitar da shi a gaban jama'a. Abin da ya fi kusa da wannan a wajenmu shi ne rubutacciyar waƙa, inda baiti ɗaya ne, kalmomi ɗaya ne, amma wani ya rera ka ji kamar ana kiran sunayen 'yan aji, wani ya rera ka ji tsigar jikinka ta tashi.

Kafin mu je ga mutumin ya kamata mu daidaita a kan kayan aikin, domin fiyanon da aka saba gani a situdiyo, wanda ake jona wa lantarki ya fitar da ganga da sarewa da duk abin da aka danna masa, suna kawai ya tara da wanda Richter ya ƙare rayuwarsa a kai. Babban fiyanon zaure akwati ne na katako da ƙarfe, tsawonsa ya kusa mita 3, nauyinsa wajen rabin tan, kuma babu ruwansa da lantarki. Yana da madannai 88, farare 52 da baƙaƙe 36, a cikinsa kuma akwai tsirkiyoyin ƙarfe kimanin 230 da aka ɗaure tamau, waɗanda jimillar jan da suke yi wa ƙarfen da ke riƙe da su ya kai wajen tan 20. Idan ka danna madanni, wata 'yar guduma mai kan matsattsen ulu ce take tashi ta bugi tsirkiya ta koma mazauninta. Abin da nake son ka riƙe shi ne, gudumar tana rabuwa da madannin kafin ta isa tsirkiyar, tana ƙarasa tafiyar ita kaɗai kamar dutsen da ya bar hannu, don haka daga lokacin da sautin ya fito, mai kiɗa ba shi da sauran iko a kansa sai na kashe shi, shi kuwa sautin daga fitowarsa yake fara dusashewa. Mai goge yana iya ƙara wa sauti ƙarfi yana tsakiyar jan izga, mai algaita ma haka da numfashinsa, amma mai fiyano ba a ba shi wannan gata ba.

Abin da ya rage a hannunsa ke nan bai taka kara ya karya ba a ido: saurin da gudumar za ta tashi da shi, daidai lokacin da za ta buga, da kuma lokacin da za a bar sautin ya mutu, wanda ɗaga yatsa da taka fedar ƙafar dama suke hukuntawa. Duk lokacin da ka ji fiyano yana tafiya kamar muryar mutum mai jan waƙa, dabara ce aka yi wa kunnenka. Mai kiɗan yana sauraron yadda sautin farko yake raguwa, sai ya shigo da na biyu daidai gwargwadon abin da ya rage na farkon, kunne kuma ya ɗauka zare guda ne bai tsinke ba. Yana yin haka ne da yatsu goma a lokaci guda, wani yatsa yana ɗauke da waƙar, wasu suna yi mata shimfiɗa a ƙasa, kowanne da nauyinsa dabam. Takardar da marubuci ya bari tana faɗa maka wane sauti za ka buga da tsawonsa idan aka gwada shi da maƙwabcinsa, sannan ta ƙara da 'yan kalmomi na Italiyanci masu ma'anar a hankali, ko da ƙarfi, ko da sauri. Ba ta faɗa maka a hankalin nawa ba, ba ta faɗa maka tsawon shirun da za ka yi ba idan ta ce a dakata. A wannan ɗan filin da takarda ta bari a buɗe ake yin sana'ar duka, kuma a nan ne za ka nemi Richter.

An haife shi ranar 20 ga Maris 1915 a garin Zhitomir da ke Yukiren ta yanzu, ya tashi a Odesa. Mahaifinsa, Teofil Richter, asalinsa Bajamushe ne, makaɗin fiyano da ogan (babban kayan kiɗan coci mai madannai da bututun iska), mahaifiyarsa kuma Barashiya ce. Abin mamaki, ɗan makaɗin bai bi hanyar da aka saba ba, domin yawancin abin da ya sani a ƙuruciya shi ya koya wa kansa, ta hanyar ɗaukar littattafan opera, wato wasan kwaikwayon da ake rerawa, yana kaɗa su daga farko har ƙarshe nan take daga takarda. Yana saurayi ya sami aiki a gidan opera na Odesa yana kaɗa wa mawaƙa fiyano lokacin gwaji. Ina ganin wannan tarbiyya ce ta sa ya riƙa jin fiyano a matsayin cikakkiyar ƙungiyar makaɗa da mawaƙa, ya kuma saba da kallon dogon kiɗa tun daga ƙofar shiga har ƙofar fita kamar mai kallon labari. Sai a 1937, yana da shekara 22, shekarun da wasu suka riga suka yi suna, ya je babbar makarantar kiɗa ta Mosko wajen Heinrich Neuhaus, malamin da ya yaye shahararren makaɗin fiyano Emil Gilels, kuma Neuhaus bai taɓa ɓoye cewa wannan ne ɗalibin da ya daɗe yana jira ba.

Yaƙin Duniya na Biyu ya taɓa shi a gida. A 1941 jami'an tsaron Tarayyar Sobiyet suka kama mahaifinsa a Odesa bisa zargin yi wa Jamus leƙen asiri, suka harbe shi a watan Oktoba, 'yan kwanaki kafin birnin ya faɗa hannun abokan gaba. Mahaifiyarsa ta bi ayarin da ya tafi Jamus tare da wani mutum da ta aura, kuma uwa da ɗa sun yi kusan shekara 20 ba su sa juna a ido ba. Cikin wannan hali, a watan Janairun 1943 a Mosko, Richter ya zama mutum na farko da ya kaɗa sonata ta 7 ta Sergei Prokofiev a bainar jama'a, bayan ya koye ta cikin kwana 4 kamar yadda shi da kansa ya faɗa. Sonata dogon kiɗa ne na kayan kiɗa ɗaya ko biyu, mai kashi uku ko huɗu. Kashin ƙarshe na wannan an gina shi a kan ƙirgen bugu bakwai-bakwai, wanda kullum yake kamar ya gaza da taku ɗaya, sai ka ji abin yana tunkuɗo ka gaba kamar injin da birki ya ƙwace masa. Daga baya Prokofiev ya sadaukar masa da sonatarsa ta 9. Da Stalin ya mutu ranar 5 ga Maris 1953, ranar da shi ma Prokofiev ya rasu, an ɗauko Richter ya yi kiɗa a inda aka ajiye gawar shugaban. A 1960 kuma ya yi kiɗa a jana'izar marubuci Boris Pasternak, wanda hukuma ta yi fushi da shi. Bai shiga jam'iyya ba, bai kuma fito ya ja da gwamnati ba, don haka masu son mayar da shi gwarzon siyasa da masu son mayar da shi yaron gwamnati duka sukan rasa abin kamawa.

Saboda tarihin iyayensa, hukuma ta daɗe ba ta bar shi ya tsallaka zuwa ƙasashen Yamma ba. An ruwaito cewa da Gilels ya je Amurka a 1955 ana ta yaba shi, sai ya ce wa masu yabon su dakata har su ji Richter. Sai a 1960, yana da shekara 45, aka sake shi, ya fara da Finlan, sannan a watan Oktoba ya isa Amurka, ya yi wasa da ƙungiyar makaɗan Chicago ƙarƙashin Erich Leinsdorf, ya kuma yi jerin wasanni shi kaɗai a zauren Carnegie da ke New York. Wannan shi ne sashen tarihinsa da aka fi maimaitawa, ni kuwa ban ga ya koya wa mai sauraro wani abu mai yawa ba, don haka bari mu koma ga abin da kunne zai kama.

Ka nemi wasan da ya yi a Sofiya, babban birnin Bulgeriya, a watan Fabrairun 1958, inda ya kaɗa kiɗan Modest Mussorgsky na 1874 wanda ake kira Hotuna a Wajen Baje Koli. Mussorgsky ya rubuta shi ne don tunawa da abokinsa Viktor Hartmann, mai zane da tsara gine-gine, wanda ya rasu a 1873, kuma kiɗan yana kwatanta mutum yana zagaya ɗakin da aka rataye zanen mamacin, yana tsayawa gaban wannan hoto, ya taka zuwa wancan. Faifan ta fuskar ingancin ɗauka abin tausayi ne. Jama'a suna ta tari kamar an shiga ɗakin masu mura, sautin kuma kamar daga cikin kwali yake fitowa. Sannan tun cikin daƙiƙun farko, a sashen tattakin da ke buɗe kiɗan, inda babu wata wahala da za ta kayar ko da ɗalibi, yatsansa ya zame ya taɓa madannin da ba shi ba, kowa kuma ya ji. Abin da zan so ka lura da shi shi ne abin da ya biyo baya. Bai ja da baya ya koma taka-tsantsan ba, kamar yadda yawancinmu mukan yi idan muka yi tuntuɓe a gaban mutane. Ka saurari yadda hannun hagu yake jan nauyi a hoton keken shanu, da yadda hannun da ya yi wannan nauyin ya koma kamar ba ya taɓa madannai a hoton 'yan tsaki cikin ƙwansonsu. Ka kuma saurari hoton ƙarshe, na babbar ƙofar birnin Kiev, inda yake tara amon ƙararrawa bisa amon ƙararrawa da feda, kana cewa ai fiyanon ya kai iyakarsa, sai ka tarar ashe ya ɓoye wani ƙarfin bai kashe ba. Wannan tattali na ƙarfi a tsawon rabin sa'a, sanin inda za a kai da adana abin da za a isa da shi, shi ne gwaninta ta farko. Mutane da yawa sun fi sanin wannan kiɗa ta shirin da Maurice Ravel ya yi wa babbar ƙungiyar makaɗa a 1922, shirin da Richter ya tsana, kuma wanda ya saurari faifan Sofiya zai fahimci dalilinsa ko bai yarda da shi ba.

Amma idan aka ce in zaɓi abu ɗaya da zan kafa hujja da shi, to sonatar Franz Schubert ta ƙarshe zan ɗauko, wadda take da lamba 960 a jerin ayyukansa. Schubert ya kammala ta a watan Satumban 1828, ya rasu a watan Nuwamba yana da shekara 31. Tana buɗewa da wata waƙa mai sanyi, mai tafiya taki-taki ba tare da tsalle ba, wadda yaro ma zai iya bi da baki. Waƙar ba ta kai ga sauka ba sai ta tsaya, can ƙasan fiyano kuma, a ɓangaren hagu inda tsirkiyoyi suke da kauri, sautuka biyu maƙwabta suka shiga karkarwa a hankali ƙwarai, kamar rugugin hadarin da ke nesa, sa'an nan komai ya yi tsit. A kan wannan shirun Schubert ya sa alamar dakatawa, wadda ba ta da ƙayyadadden tsawo. Umarnin da ya rubuta a saman kashin duka kalmomi biyu ne, ma'anarsu matsakaicin tafiya ƙwarai.

Yawancin makaɗa sukan ɗauki wannan kashi da saurin mai tafiya kasuwa ba ya gaggawa. Richter ya ɗauke shi da saurin mai rakiyar gawa. A faifan da ya ɗauka a 1972, wannan kashi na farko kaɗai ya ci kusan minti 25, wanda ya fi tsawon wasu sonatocin gaba ɗayansu. Ka tuna abin da na faɗa a baya, cewa sautin fiyano daga fitowarsa yake fara dusashewa. Ma'anar wannan ita ce tafiyar hawainiya ta fi gudu wuya a wannan kayan kiɗa, domin duk yadda ka ƙara tazara tsakanin sauti da sauti, haka kake ƙara haɗarin zaren ya tsinke, waƙar ta warwatse ta zama ɗigo-ɗigo. Na koyar da fiyano, kuma abin da na fi fama da shi wajen ɗalibai bai wuce tsoron shiru ba: idan takarda ta ce a dakata, sai ka ga kafaɗar ɗalibi ta ɗaga, idonsa ya riga ya tsallaka layi na gaba, ya yanke shirun tun bai nuna ba, don yana jin kamar masu sauraro za su ɗauka mantuwa ya yi. Richter yana zama cikin wannan shirun har sai ka fara jin nauyinsa a ƙirjinka, kuma idan waƙar ta dawo, tana dawowa ne daidai kan bugun da ka riƙa ƙirgawa a zuci ba ka sani ba. Zaren bai tsinke ba ko a inda babu sauti.

Akwai kuma batun maimaici. Schubert ya sa alamar a koma farko a sake kaɗa dogon sashen buɗewa, ya kuma rubuta 'yan layuka na musamman da za su mayar da mai kiɗa can, kuma a cikinsu ne kaɗai wannan karkarwar ta ƙasa take fashewa da cikakken ƙarfi. Wanda ya tsallake maimaicin ya tsallake waɗannan layuka. Makaɗin fiyano Alfred Brendel, wanda shi ma babban masanin Schubert ne, ya zaɓi tsallakewa, ya kuma kare ra'ayinsa a rubuce da hujjoji masu nauyi. Richter bai yarda a zubar da abin da marubuci ya rubuta ba, kuma a nan ina bayansa, domin idan ba ka taɓa jin hadarin ya sauko ba, rugugin da kake ji daga nesa ado ne kawai. Glenn Gould, makaɗin fiyano na Kanada, mutumin da bai ɓoye cewa dogayen kiɗan Schubert suna gundurarsa ba, ya ji Richter ya kaɗa wannan sonata a Mosko a 1957, kuma daga baya ya ba da labarin cewa ya shiga wani hali kamar an ɗauke masa hankali har aka gama.

A nan ne zan saɓa wa shi Richter ɗin kansa. Ya sha faɗa cewa mai kiɗa madubi ne kawai, aikinsa ya isar da abin da marubuci ya nufa ba ƙari ba ragi. Ya kuma ɗauki wannan magana da gaske har abin ya kai ga ban mamaki: a ƙarshen rayuwarsa ya gano cewa ya shekara 40 yana buga sauti ɗaya ba daidai ba kusa da ƙarshen kashi na biyu na wani kiɗan Bach da ake kira Konceton Italiya, sai ya sa aka buga neman afuwa a takardar da ke cikin faifan. Sauti ɗaya tak, wanda babu mai saye da ya taɓa kawo ƙara a kansa. Duk da haka, Schubert bai rubuta minti 25 ba. Richter ne ya karanta kalmomi biyu ya yanke wannan hukunci, kuma duk wanda ya saba da kiɗansa yakan gane shi cikin 'yan daƙiƙu, abin da ba ya yiwuwa da madubi ne shi. Abin da zan yarda da shi shi ne, hukuncin nasa daga cikin takardar yake fitowa, kuma ba ya yin ado don a ce ya iya. Amana ce irin ta alƙalin da ya san doka ba za ta yi magana da kanta ba, dole wani ya buɗe baki, kuma zai ɗauki alhakin abin da ya faɗa.

Duhun da ka gani a bidiyon daga wannan tunani ya fito. A shekarunsa na baya ya riƙa sa a kashe fitilun zaure a bar 'yar fitila a kan takarda, don yana ganin kallon fuskar mai kiɗa da hannayensa yana raba hankalin mai sauraro da abin da ya zo ji. Ya kuma koma kaɗawa da takarda a gabansa da mai juya masa shafi, alhali al'adar da aka gada tun zamanin Liszt da Clara Schumann, manyan makaɗan fiyano na ƙarni na 19, ita ce a hau dandali da hadda. Ya ba da dalilin cewa babu kan da zai riƙe kowace 'yar alama da marubuci ya sa, amma akwai wani dalili mai ban tausayi da shi ma bai ɓoye ba: kunnensa, wanda a da yake gane kowane sauti da sunansa, ya gurɗe da tsufa ya riƙa jin sautuka sama da inda suke, abin da ke rikita mai kaɗawa da ka. Manyan zaurukan da ake kama rana shekaru kafin lokaci su ma sun fita daga ransa. Bayan 1970 bai sake komawa Amurka ba. A Faransa ya ga wani katafaren rumbun ajiyar amfanin gona na ƙarni na 13 a Meslay, kusa da birnin Tours, ya mayar da shi wajen bikin kiɗa na shekara-shekara daga 1964. A Mosko ya haɗa kai da Irina Antonova, shugabar gidan adana zane na Pushkin, suka kafa wasannin daren Disamba a 1981. A 1986, yana da shekara 71, ya shiga mota ya ratsa Saberiya har gabashin ƙasar, yana tsayawa yana wasa a garuruwan da wasunsu ba su da zauren kiɗa na kirki.

Kada yabo ya sa in ɓoye maka inda ake sukarsa. Mozart bai cika zama a hannunsa ba, shi da kansa ya amsa cewa bai gano makullinsa ba. Wasu faifan shekarunsa na ƙarshe, a kan fiyanon Yamaha da ya fi so, suna da bushewa da nauyin jiki, kuma akwai masu kunne na gari da har yau suke ganin jinkirinsa a Schubert ya wuce gona da iri. Yakan soke wasa ana gab da farawa. Shi ne kuma ya fi kowa zafi wajen sukar kansa: faifan konceto (kiɗan da makaɗi yake jagoranta, babbar ƙungiyar makaɗa tana mara masa baya) na 2 na Brahms da ya ɗauka a Chicago a 1960, wanda ya ci kyautar Grammy, ya lissafa shi cikin marasa kyau a aikinsa, haka kuma ya yi tir da wanda suka ɗauka a Balin a 1969 na konceton Beethoven mai makaɗa uku, shi da David Oistrakh da Mstislav Rostropovich ƙarƙashin Herbert von Karajan, duk da cewa jama'a sun yi ta rububinsa. Ga shi da faɗin ajiya, har ya ce yana da shirin wasa dabam-dabam kimanin 80, amma bai damu da cike jeri ba. Cikin konceto biyar na fiyano da Beethoven ya rubuta, na 1 da na 3 kaɗai ya riƙa kaɗawa, kuma bai taɓa na 3 na Rachmaninoff ba, wanda kowane matashi mai neman suna yake hanƙoro. Bai buɗe aji ya yaye ɗalibai ba. Abin da matasa irin su Oleg Kagan da Natalia Gutman da Yuri Bashmet suka samu a wajensa, ta hanyar yin kiɗa tare suka samu.

Wasansa na ƙarshe a gaban jama'a ya yi shi a garin Lübeck na Jamus a watan Maris 1995, da sonatocin Haydn a cikin shirin. Ya rasu a Mosko ranar 1 ga Agusta 1997 yana da shekara 82, aka binne shi a maƙabartar Novodevichy. Mawaƙiya Nina Dorliak, wadda suka yi fiye da shekara 50 tare, ta bi shi a shekarar da ta biyo.

Game da inda za ka fara, shawarata kada ka fara da Schubert, domin zai iya korar wanda kunnensa bai saba ba. Ka fara da konceto na 2 na Rachmaninoff da ya ɗauka a Waso, babban birnin Poland, a 1959 tare da jagoran makaɗa Stanisław Wisłocki, inda fiyano yake buɗewa shi kaɗai da jerin bugu masu kama da ƙararrawa, kowanne ya ɗara wanda ya gabace shi ƙarfi da kaɗan, ka gwada ko za ka iya jin tsanin. Daga nan ka je Sofiya. Idan ka zo kan Schubert, ka fara sauraron minti biyun farko a hannun wani makaɗi dabam, Brendel ko Wilhelm Kempff, sannan ka saka na Richter, domin sai da gwadawa kunne yake gane abin da mutum ya zaɓa. Ka nemi wuri marar hayaniya bayan an yi isha, ka sa abin kunne mai kyau saboda lasifikar waya ba ta fitar da sautukan ƙasa, karkarwar nan kuwa a can take. Idan waƙar ta tsaya kuma shirun ya yi tsawo har ka kai hannu don duba ko intanet ce ta yanke, ka janye hannun ka ci gaba da ƙirge a zuci har ta dawo.